Shaida Ɗaya, Kira Uku

A Basunda, kudancin jihar Gadarif ta Sudan, daf da iyakar Habasha, dawa da riɗi ake nomawa da ruwan damina. Da dawar zan yi misali.

A ce mai bincike ya shuka iri biyu a gonar gwaji, ya auna tsawon kara, da kwanakin fid da kai, da nauyin zangarniya. Ma'aunan nan ba sa rabuwa: dawar da ta jinkirta fid da kai galibi ita ce doguwa. In ya gwada kowanne daban, ya ce ya sami hujjoji uku, a ganina shaida ɗaya ya kira sau uku. Kowane ƙarin gwaji kuwa yana ƙara haɗarin ganin bambancin da babu shi.

A 1931 Harold Hotelling ya kawo mafita: a haɗa ma'aunan cikin gwaji guda, lissafi ya lura da alaƙarsu. Abin da ya fi burge ni, hanyar takan tono bambancin da ya ɓuya, kamar gajeren iri mai zangarniyar dogo. Labarin irin wannan iri manomin Basunda yake nema kafin damina ta faɗi.