Mai Rubuta wa Dillali Yarjejeniya

A Kaduna ta ƙarshen shekarun 1980, motoci da yawa suna yawo a gari ɗauke da sunan mutanen da suka daɗe da rabuwa da su. Mota takan bi ta hannu huɗu ko biyar, amma in ka buɗe takardunta, sunan wanda ya fara fito da ita za ka tarar. Na san haka don ta hannuna takardun suke bi. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, dillalin motoci ne. Karatunsa na allo ne da littattafai, lissafinsa ma da ajami yake rubutawa. Ni kuwa ina sakandare, rubutuna na boko yana karantuwa, sai na zama mai rubuta masa yarjejeniya duk ranar Asabar da lokacin hutu.

Zamanin ya karɓi sana'arsa, ko da yake bai yi wa masu sayarwa daɗi ba. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri ya fara haɗa motoci a 1975, daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, ga kuma bashin mota da gwamnati ke bayarwa. Ma'aikata da dama suka hau 504 sabuwa fil. Shekara goma bayan nan al'amura suka juya. Aka rage ma'aikata, tsarin SAP ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi. Waɗanda suka saya a lokacin yalwa suka shiga sayarwa don biyan kuɗin makarantar yara ko aurar da 'ya. Masu saye kuwa 'yan kasuwa ne da direbobin haya da ke jigila tsakanin Kaduna da Zariya da Kano.

A gindin wata dalbejiya ake cinikin. Mai saye ya zo da makanikensa, a buɗe gaban mota, a saurari inji, a ɗan zaga da ita. Ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, Kawu yana tsakiya yana jan wannan gefe yana rarrashin wancan, har mai mota ya ce ya sallama. A ba da kafin alƙalami, a sa ranar cikawa. Ran da kuɗi suka cika ne aikina ke farawa.

Takarda uku nake jerawa da kabon a tsakani: ɗaya ta mai saye, ɗaya ta mai sayarwa, ta ukun ta Kawu. Da Turanci nake rubutawa, don shi ake karantawa a ofis da caji ofis, sannan in maimaita musu da Hausa kowa ya ji abin da zai sa wa hannu. Sunan kowa da inda yake zaune, irin motar da launinta, lambar rajista, lambar inji, lambar casis, kuɗin da aka biya da lambobi da kuma kalmomi, sai kwanan wata. Kawu bai taɓa yarda in kwafi lambar inji daga tsohuwar takarda ba. "Tashi ka karanto daga jikin ƙarfen," haka yake cewa. Sai in ɗauki tsumma in goge baƙin mai in karanta ɗaya bayan ɗaya. Yana da dalili: injin Peugeot ba ya wuyar samu a kasuwar Panteka, mutum yakan sauya inji bai gaya wa hukuma ba, sai takarda ta faɗi wata lamba, mota ta faɗi wata. A ƙasan takardar a liƙa kan sarki, mai sayarwa ya ratsa shi da sa hannu, wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa. Shaidu biyu su sa nasu. A yi addu'a, a ce wa sabon mai mota Allah ya sa rai aka yi wa.

A nan yawancin dillalai ke karɓar la'ada su kama gabansu. Kawu rabi yake karɓa. Sauran rabin sai ranar da aka dawo daga ofishin lasin da sunan sabon mai mota a rubuce.

Aikin ofishin ba wani abin tsoro ba ne, sai dai yana cin yini. Mai sayarwa zai rubuta wa hukumar lasin wasiƙa cewa ya sayar wa wane motarsa mai lamba kaza. A haɗa da yarjejeniyar da na rubuta, da rasiɗin asali, da lasin motar, da takardar inshora, da shaidar jami'an VIO cewa motar lafiyarta ƙalau. Wani lokaci a bi ta kotu a yi takardar rantsuwa, a bi ta wajen 'yan sanda su tabbatar ba a kawo rahoton satarta ba. A biya kuɗin sauya suna, akawu ya zaƙulo fayil ɗin motar daga cikin tarin wasu, ya shigar da sabon suna. Nakan zauna a kan benci riƙe da ambulan, ina jin daɗin cewa rubutuna ne ake buga wa hatimi.

Masu gudun wannan tafiya suna da hujjojinsu. Wani kuɗin yake ƙi. Wani ya sayi motar ne don ya juyar da ita cikin wata biyu, bai ga amfanin sa sunansa ba. Wani kuma yana so takarda ta ci gaba da nuna hannu ɗaya, don motar ma'aikaci ta fi ta ɗan haya daraja a kasuwa. Amma babban dalilin da na fi gani shi ne kunya. Mutum ya saya a wurin maƙwabcinsa, ko surukinsa, ko wanda suke sahu ɗaya a masallaci, sai ya ga cewa "mu je ofis" tamkar cewa ne "ban yarda da kai ba". Ba na raina wannan kunyar, don na san daga inda ta fito. Mutane ne da suka saba a yi cinikin shanu da gonaki da baki, maganar dattijo ta wadatar, kuma da wuya ta tashi. Sai dai gona ba ta barin unguwa, kowa ya san mai ita. Mota kuwa yau tana Tudun Wada, gobe tana Gusau, inda ba wanda ya ji lokacin da aka ce an sallama.

Kawu ba ya doguwar muhawara a kan wannan. Yakan tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sannan ya ce, "Alhaji, ba don kai ba ne, ba don shi ba ne. Don 'ya'yanku ne, su da ba su nan aka yi." Na ga gaskiyar maganar a wajen rabon gado fiye da sau ɗaya: mamaci ya bar mota a ƙofar gida, magada na son sayarwa, takarda na ɗauke da sunan wani da shi ma ya riga mu gidan gaskiya, sai an je neman 'ya'yansa su sa hannu.

Da shekarun 1990 suka kama, motocin Kwatano suka cika kasuwa, Honda da Toyota da Golf, sai takardar kwastan ta hau saman duk sauran. Kawu ya ce sayen irin wannan mota ba tare da ita ba cinikin biri a sama ne, ya daina shiga tsakani in ba a nuna masa ita ba. An riga an kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 1988, a 1992 aka fito da lambobin mota na bai ɗaya a ƙasa, tsofaffin masu farawa da KD da KN suka fara ɓacewa. An sake fasalin lambobin a 2011, rajista ta koma kwamfuta, inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a 2023. Duk da haka har yau ina ganin matasa suna tura kuɗi ta waya, a miƙa musu makulli da ambulan mai sunan wani, su tafi.

Na ga inda irin wannan sakaci ke kaiwa tun zamanin Kawu. Wani tsohon hedimasta a unguwarmu ya sayar da 504 ɗinsa ta hannun Kawu bayan ya yi ritaya. Ni na rubuta yarjejeniyar. Mai sayen ya ce tafiya ta kama shi, ranar Litinin zai dawo a je ofis. Bai dawo ba. Kawu ya yi ta aike har ya gaji, rabin la'adarsa ma ya bi ruwa. Bayan 'yan shekaru motar ta buge wani yaro a hanyar Zariya, direban ya gudu, amma mutanen wurin sun riƙe lambar. Yaron bai kai asibiti ba. 'Yan sanda suka duba rajista, suka ga sunan hedimasta da adireshinsa, suka zo suka tafi da shi. Aikinsu suka yi, abin da fayil ya nuna musu ke nan. Takardar yarjejeniyar da ke hannun hedimasta kuwa ta ɓace a wajen tashi daga gidan gwamnati.

Da matarsa ta aiko, Kawu ya jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado, muka zauna muna buɗe takardu har muka kai ga ta ukun nan, rubutun kabon ya dusashe amma yana karantuwa. Shaidun biyu suna raye, duka suka biyo mu. Aka saki dattijon a ranar. Takardar ta kai 'yan sanda ga mai saye na farko, shi ya nuna wanda ya sayar wa, wancan kuma ya ce wani baƙo ne ya saya a tasha, kuɗi hannu, ba rubutu ba shaida, sunansa ɗaya kawai ya sani. A nan sawu ya ɓace.

Hedimasta ya roƙi Kawu ya raka shi ƙauyen su yaron, suka je suka yi ta'aziyya, ya ba da abin da ya sawwaƙa daga kuɗin fanshonsa, alhali ba a bin sa komai. Ba a biya diyya ba, ba inshorar da ta biya ko kwabo. Mahaifin yaron ya tambaye su ko sun san wanda ke tuƙin, suka ce ba su sani ba, kuma har Kawu ya rasu ba a gano shi ba.