Gidan Baƙin da Ya Ga Yaƙi Biyu

A garin Poperinge na ƙasar Beljiyam akwai wani farin gidan bene da ake kira Gidan Talbot. Sanyin garin kuwa har cikin ƙashi yake shiga, ga yayyafi ba ya ɗaukewa, amma ina tura ƙofa sai ƙamshin shayi da na tsohon katako suka tarbe ni. Wata dattijuwa Baturiyar Ingila ta miƙo mini kofi mai tururi tun kafin ta tambayi sunana. Ashe aikin sa kai ta zo yi, haka suke zuwa bi da bi don kula da baƙi!

A watan Disamba na 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, fastocin soja biyu, Neville Talbot da Tubby Clayton, suka buɗe gidan domin sojojin Birtaniya da ke dawowa daga fagen fama a Ypres, tafiyar kilomita 12. Sun raɗa masa sunan Gilbert, ƙanen Neville, wanda aka kashe a wannan shekarar. Dokar gidan ce ta fi ba ni mamaki: kowa ya ajiye muƙaminsa a bakin ƙofa. Hafsa da kurtu su zauna su sha shayi tare, kamar zauren mai gari ranar ɗaurin aure. Mai son aron littafi hularsa yake bari jingina. Na ga takardun da sojoji suka rubuta cigiyar 'yan uwa da abokai, sai da jikina ya yi sanyi.

Wani matsattsen tsani mai tsayi na hau, ina riƙe da igiya, har can ƙarƙashin rufi inda ɗakin ibadarsu yake. Teburin ibadar ma bencin kafinta ne, yana nan har yau.

A 1929 wani attajiri, Lord Wakefield, ya sayi gidan ya ba ƙungiyar da ke kula da shi. Da Jamusawa suka mamaye garin a Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen gari suka kwashe kayan gidan suka ɓoye a gidajensu, bayan an kori 'yan mamaya a 1944 suka mayar. Har gobe baƙo na iya biya ya kwana a ciki.

Mai karatu, riƙon amanar maƙwabta ne ya tsare gidan nan. Mu ma mu riƙe tsofaffin gidajenmu amana, kada damina ta cinye su muna kallo.