Gadar da Ba Ta da Takarda

Mu da muka tashi a ƙauyukan fadamar Rima, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, muna da wata 'yar gada da ba mu taɓa raɗa mata suna ba. Tana kan tsohuwar hanya, wadda motoci suka daina bi tun da aka shimfiɗa kwalta. Da jan dutsen marmara aka gina ta, baki biyu, kowanne a lanƙwashe kamar bakan gizon soron sarki. Babu rodi a cikinta. Dutse ne ke tokare dutse, na tsakiya ya riƙe sauran, nauyin amalanke kuma ƙara matse su yake yi.

A ƙarƙashinta muka koyi iyo, ta kanta iyayenmu suka riƙa kora jakuna da buhunan shinkafa zuwa kasuwa. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonaki ta karya gadoji a jihar Kebbi, ta haura kanta ta wuce, ta bar ta a tsaye.

Bana da muka je gida Sallah, sai muka tarar an ɓamɓare duwatsun gefe guda. Ƙanenmu ne ya kwashe su, zai zuba harsashin ɗakin aure. Da muka yi masa faɗa, sai ya ce, "To Yaya, ta wa ce?" Muka yi shiru.

Gadar ƙarfe ta Lugard, da aka kafa a Zungeru a 1904, an ɗauke ta zuwa Kaduna a 1954, tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Ganuwar dutse ta Surame, birnin Kanta, ta shiga jerin a 1964. Bikin kamun kifi na Argungu ma UNESCO ta karɓe shi a 2016. Duk waɗannan suna da takarda da hukumar da za ta tsawatar. Tamu kuwa ko sunan maginanta ba a rubuta ba, alhali kakanninmu ne suka yi dakon duwatsun a ka.

Ba mu jira Abuja ba. Mun je wurin maigari, ya sa an yi shela kada a sake taɓa ta. Saura tsoho ɗaya a garin da ya ji labarin ginin daga bakin mahaifinsa. Gobe da hantsi za mu kai masa goro, mu tafi da biro da takarda.