Yaron Batman

Ina ɗan shekara goma sha biyu Yaya ya yi mini wata tambaya. Yau ga ni a shekara ta uku a sashen ilimin harsuna, amma ban gama ba shi amsa ba.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. Ɗan wan babana ne, ya girme ni da shekara goma sha bakwai. Da babana ya rasu ina da shekara tara, dangi suka zauna suka ce a ba shi ni riƙo, tunda ya yi aure kuma yana da sana'a. Sana'ar ita ce tebur a bakin kasuwar Maraɗi, inda yake sayar da tsofaffin littattafan lakkwal da kaye da bik. Karatun allo ya yi, bai yi boko ba. Littafi da bangonsa yake gane shi. In bangon ya cire, sai ya ajiye gefe har in taso daga lakkwal in gaya masa ko na wane aji ne.

Wata rana aka kawo masa buhun tsofaffin littattafai, sai ga wani a ciki ba bango, duk zane ne, irin waɗanda muke kira bede. Batman ne da Faransanci. Yaya ya yi ta juya shafukan, sannan ya miƙo mini ya ce, "Karanta muna mu ji mi suke cewa." Daga ranar, duk sadda ciniki ya lafa bayan la'asar, ni ke karanta maganganun da ke cikin ƴan da'irorin nan ina mayarwa Hausa, shi kuma yana bin zanen da yatsa. A nan na fara fassara, ban ma san sunanta ke nan ba.

Sai muka zo inda wani yaro mai jar riga yake tsalle bayan mai baƙaƙen kaya.

"Wanga yaro ɗanshi ne?"

Na ce a'a.

"Ƙanenshi?"

Na ce a'a.

"To mi ya haɗa su?"

Na ce abokinsa ne. Yaya ya yi dariya ya ce babba ba ya abota da yaro. Na ce mataimakinsa ne. Ya ce mataimaki in an tashi aiki gidansu yake tafiya, wanga kuwa ga shi nan yana cin abinci a gidan. Ƙarshe shi da kansa ya yanke: "Yaronshi ne." Na yi shiru, don na san haka ake kirana a kasuwa. Ba mai cewa ƙanen wane. Yaron wane ake cewa.

Sai da na zo jami'a, na samu intanet da ɗakin karatu, na san asalin labarin. A 1939 Batman ya fara fitowa a Amurka, a mujallar Detective Comics, daga hannun Bob Kane da Bill Finger. Shekara guda kawai ya yi shi kaɗai. A 1940 aka kawo Robin, kuma ɗaya daga cikin dalilan ya burge ni a matsayina na ɗalibin harshe: Batman ba shi da wanda zai yi wa magana. Mutumin da ke yawo shi kaɗai cikin dare, sai dai a yi ta rubuta tunaninsa, mai karatu ya gaji. Da aka ba shi yaro, sai ya samu wanda zai yi wa bayani, yaran da ke karatu kuma suka samu na kansu a cikin labarin.

Shi Robin na farko sunansa Dick Grayson. Iyayensa ƴan wasan lilo ne a sama, wani ɗan ta'adda ya sa aka lalata igiyarsu suka faɗo suka mutu a gabansa. Bruce Wayne, wato Batman, yana cikin ƴan kallo. Shi ma maraya ne, a gabansa aka kashe iyayensa yana yaro. Sai ya ɗauki yaron ya kai gida. A doka bai mai da shi ɗa ba, riƙo kawai aka ba shi. Sai a 2001, bayan shekara sittin da ɗaya ana buga labarin, marubuta suka sa Bruce ya miƙa masa takardun zama ɗa. Ashe amsar da na kasa ba Yaya tana kan tabarmar da nake kwana. Robin ɗan riƙo ne.

Amma ko wannan kalma ba ta ɗauke duka ba. Na taɓa jera kalmominmu a bayan kaye, ina gwada su ɗaya ɗaya. Bara yana hidima don ci da sutura da kariya, amma Robin ba don tuwo yake fita ba. Zagi yana gaban dokin sarki, amma ba a shawara da shi. Ɗan amshi yana maimaita abin da makaɗi ya faɗa, Robin kuwa yakan yi gardama. Almajiri ya fi kusa, don ana sa ran wata rana ya sauke ya tafi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne kalmar ubangida. Ku duba, akwai uba a cikinta. Na ƙasa ya yarda ya kira na sama uba, amma shi ba a ce masa ɗa, sai bara ko yaro. Kuma yaro a wannan ma'ana ba ruwansa da shekaru. Mun san masu furfura a Maraɗi da har yau ake ce musu yaron Alhaji wane. Kalmar ba ta da ƙofar fita.

A littattafan, Dick ya nemi ƙofar. A 1984 ya ajiye jar rigar ya zaɓa wa kansa suna, Nightwing. Riwaya biyu ce game da rabuwar. A ta farko shi ya ga ya girma ya tafi. A wadda aka sake rubutawa a 1987, Batman ne ya sallame shi bayan Joker ya harbe shi, wai yana tsoron kada yaron ya mutu a hannunsa.

Mu ma riwaya biyu gare mu. Da na ci bak, Yaya ya ce ya kama ƙaramin shago, in zauna mu haɗu mu tayar da shi, karatu ya isa haka. Na ce Yamai zan tafi. Ya tambaye ni abin da zan karanta, na ce harshe. Ya ce, "Hausar da kake ji tun kana goye ita za ka tahi Yamai nema?" Raina ya ɓaci, na ce masa ba zan ƙare rayuwata ina karanta wa wani sunan littafi ba. A gaban maƙwabtan tebur na faɗa. Bai ce komai ba. Ranar tafiya bai raka ni tasha ba, amma matarsa ta damƙa mini jika talatin a ƙulle cikin leda, ta ce in ji shi. A riwayata, shi ya ƙi ni don na ƙi shago. A tasa, na tabbata, ya yi kiwon ɗan tsako ya yi fiffike ya tashi. Shekara ta farko sau biyu kawai muka yi magana a salula, ita ma gaisuwar salla ce.

Da na je hutu, sai na tarar da wani yaro a kan bencina, ɗan maƙwabta, yana karanta masa sunayen littattafai. Wallahi ban san ina da kishi irin wannan ba. Ni na tafi da ƙafata, amma ji na yi kamar an yi mini sata. Na tuna Batman ma haka ya yi. Ya kama wani yaron titi, Jason Todd, yana kwance masa tayoyin mota, ya kai shi gida ya sa masa rigar Robin. Ƙarshen wannan yaro bai yi kyau ba. A 1988 kamfanin DC ya ba masu karatu lambobin waya biyu, su zaɓa ko ya rayu ko ya mutu. Kira 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Da ratar 72 aka kashe shi. Ba wanda ya taɓa kawo irin wannan zaɓe a kan Batman. Na biye shi ne ake iya canzawa, kuma wannan ne ya ci mini rai a ranar, ba yaron ba.

Amma labarin bai tsaya nan ba. Bayan mutuwar Jason, Batman ya zama mai zafin hannu, ba ya jin maganar kowa. A 1989 wani yaro, Tim Drake, ya gano sirrinsu, ya je wurin Dick ya nuna masa cewa mutumin nan ba ya iya zama daidai in ba Robin a gefensa. Da na karanta wannan sai na sake duba teburinmu. Shekara goma ina ɗauka ni ke cin arzikin Yaya, kuma gaskiya ne, shi ya ciyar da ni ya saya mini kaye. Amma shi ma yana jiran tasowata daga lakkwal, ba don littattafai marasa bango kaɗai ba. Shi ma yana son wanda zai yi wa magana. Mutum ne da ba a koya masa cewa "ina bukatarka" ba, sai ya ce "na kama shago." Ni mai karatun ma'anar kalmomi, wannan fassarar ce ta wuce ni.

Ban ce na yi kuskuren tafiya ba. Da za a sake, zan tafi. Maganar da na yi a bainar jama'a ce nake nadama. Na san a cikinmu akwai da yawa da wani yaya ko kawu ko inna ta riƙe, kuma kowace shekara ta karatu tana ƙara nisanta mu da su. Muna komawa gida da kalmomin da ba su sani ba, mu manta su suka biya kuɗinsu.

Watan jiya matarsa ta gaya mini bedenmu yana nan a ƙasan akwati, ya ƙi sayarwa. In Allah ya kai mu hutun nan zan tafi da kwafin wannan ɗan littafi. Da Hausa aka rubuta, amma boko ne, don haka ni zan karanta masa. Ina ta tunanin wane sakin layi zan tsallake. Na dai san halinsa, in na tsallake zai ɗora yatsa a wurin ya ce, "Nan fa, mi suka ce?"