Kariyoba ba ƙarshen karatu ba ne

A yawancin jami'o'inmu, duk makin da bai kai 40 ba F ne. Darajarsa sifili ce, amma ana ƙirga kiredit ɗin kwas ɗin wajen fitar da CGPA, shi ya sa faɗuwa ɗaya ke jan sakamakon shekara ƙasa. Na ɗanɗana wannan a aji biyu, lokacin da taifod ya kwantar da ni gab da jarrabawa, na faɗi kwas ɗin ƙididdiga.

Abin da ya fi F illa shi ne shirun da ke biyo bayansa. Na ga ɗalibai masu hazaƙa sun ɓoye wa iyaye, sun ƙaurace wa abokai, suna jin nauyin zama aji ɗaya da ƙannensu, har kariyoba ɗaya ta haifi uku.

Tambaya ce ta cece ni. Malamin da ke kula da ajinmu ya tunatar da ni cewa ba a wuce kiredit 24 a zango, ya taya ni rage kaya domin kwas ɗin ya samu lokaci. Wani ɗan aji huɗu kuma ya riƙa bi da mu tambayoyin shekarun baya kowace Asabar, kyauta. Da shekara ta zagayo, na ci.

Ɗan'uwa ɗalibi, matambayi ba ya ɓata. Iyaye kuma, in ɗanku ya kawo labarin faɗuwa, ku fara sauraronsa kafin faɗa, domin wanda aka kunyata sau ɗaya da wuya ya sake buɗe baki.