Zumunci A Ƙafa Yake, Ko A Birnin Landan

Kwanan baya wani jikana da ke shirin tafiya karatu Ingila ya zo yi mini sallama, ya ce in ba shi shawara. Na san abin da yake jira ya ji, wato ya sayi rigar sanyi, ya kuma kiyayi abokan banza. Wannan kuwa mahaifiyarsa ta riga ni. Saboda haka sai na ba shi labarin wani tsoho, wanda nake so masu karatu su ma su ji.

A watan Satumba na 1978 na sauka a birnin Landan don yin karatun shekara biyu. Na kama hayar ɗaki ɗaya a wani gidan sama a unguwar Shepherd's Bush, kusa da kasuwar da mukan sami doya da manja da barkono. Murhun ɗakin ba ya kamawa sai an jefa kuɗi a wani ɗan akwati. In kuɗin ya ƙare wuta ta mutu, ko da tuwo bai nuna ba.

Wuraren zuwa kam ba mu rasa ba. Ran Juma'a mukan haɗu a babban masallacin Regent's Park, wani lokaci mu zarce Bush House mu gai da 'yan'uwa da ke Sashen Hausa na BBC, wanda a lokacin can yake. Ran Lahadi kuwa sai Hyde Park, inda mutum kan hau akwati ya zagi gwamnati son ransa, ɗan sanda na tsaye yana kallo. Amma duk wannan yawo, in na dawo na rufe ƙofa sai shiru kamar maƙabarta, domin a can ba a zuwa gidan mutum sai da alkawari.

A ɗakin da ke bisa nawa akwai wani tsoho Bature, shi kaɗai. Kullum muka haɗu a matakala nakan gaishe shi, shi kuwa ya kaɗa kai ya wuce, har na yanke cewa ba ya son baƙar fata ne.

A watan Janairu na 1979 aka yi wani sanyi mai tsanani, ga ƙanƙara, ga ma'aikata suna ta yajin aiki, har shara ta yi tudu a tsakiyar birni. Wata safiya na lura kwalaben madarar tsohon nan guda uku suna jere a ƙofar gida, sun daskare, bai sauko ya ɗauka ba. Na tsaya ina shawara da zuciyata, gama an sha gargaɗina cewa baƙo ba ya ƙwanƙwasa ƙofar Bature ba a gayyace shi ba, don kada a kira masa 'yan sanda. Amma na tuna a garinmu in maƙwabci ya kwana ɗaya bai fito masallaci ba, sai an je an duba shi. Na hau na ƙwanƙwasa, sai na ji nishi. Na kira mai gidan ya zo da wani mabuɗi, muka tarar da shi kwance a ƙasa, wutarsa ta mutu, jikinsa kamar ƙanƙara. Aka kai shi asibiti.

Bayan kwana uku na je duba shi. Ina isa bakin gadonsa ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, yaro. Na gode." Da Hausa! Na yi tsaye baki buɗe. Ashe saje ne a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi yaƙin Bama a 1944 tare da sojojinmu na Afirka ta Yamma, inda dole Baturen soja ya koyi Hausa. Ya ce da aka harbe shi a ƙafa, wani sojan Katsina ne ya goya shi ya ƙetare kogi da shi. Wata huɗu yana jin ina Hausa da abokaina a matakala, kunya ta hana shi magana, don yana tsoron ya manta harshen.

Daga ranar nan nake kiransa Baba Saje. Shi ya kai ni Greenwich da lambun Kew, ni kuwa na koya masa cin tuwo da hannu, yana ci barkono na sa shi hawaye. Da azumin 1979 ya zo a tsakiyar zafinsu, lokacin da yini ke da tsawo ƙwarai, shi ke buga sandarsa a daɓe don ya tashe ni sahur. Na dawo gida a 1980, muka riƙa rubuta wa juna, har ranar da wasiƙata ta dawo ba a buɗe ta ba.

To, abin da na gaya wa jikana ke nan. Su yanzu suna da wayar da za su ga fuskar iyayensu kowane dare, mu kuwa wasiƙa sai ta yi mako biyu a hanya. Tsorona shi ne kada wayar nan ta ishe shi, ya yi shekara uku bai san wanda ke kwana a bayan bangonsa ba. Na ce masa ya yi gaisuwa ko ba a amsa ba, in kuma ya ga maƙwabci ya kwana biyu bai fito ba, ya hau ya ƙwanƙwasa. Allah ya kai shi lafiya, ya haɗa shi da maƙwabci nagari, amin.