Lambar da ke bayan tankar mai

Ina saurayi na koyi rubutun mota a Mararrabar Jos, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, inda tankokin mai ke jeruwa a gefen titi suna jiran lodi. Ni ke wanke buroshi, ni ke dama fenti. Yawancin aikin sunan mai mota ne da addu'a a jikin tanki. Amma akwai aiki ɗaya da maigidana ba ya barin hannun kowa a kai sai nasa, wato farantin nan mai ruwan lemo da ake kafawa gaba da bayan tanka.

Shi ya koya mini karanta shi. Lambar sama tana faɗin irin haɗarin, ta ƙasa tana faɗin kayan da ke ciki. In ka ga 33 a kan 1203, fetur ne. In 30 a kan 1202, man dizal ne, 30 a kan 1223 kuma kananzir. A gefen tanki akwai jan tambari mai hoton harshen wuta da lamba 3. Lambobin ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, don ɗan kwana-kwana a Kano ko Yamai ya san tun daga nesa abin da zai tunkara. Yarjejeniyar ADR kan safarar kaya masu haɗari a mota, wadda aka ƙulla a Janiba a 1957, Najeriya kuma ta shiga a 2018, ta ce dole lambar ta karantu ko da farantin ya yi minti 15 cikin wuta. Ta kuma ce a duba tanki duk shekara uku, a yi masa cikakken gwajin matsin ruwa duk shekara shida, a buga ranar gwajin a wani ƙarfe da ke jikinsa.

Wata rana wani mai mota ya kawo tsohon tanki da aka yi wa walda faci a kan faci, yana son a rubuta masa 1202. Maigidana ya zagaya, ya sunkuya ya shinshina bakin famfon da ake sauke mai, ya shafa wurin da ƙarfen gwaji ya kamata ya kasance, babu komai sai ramukan ƙusa huɗu.

"Alhaji, ina takardar gwajin tankin nan?"

"Haba Malam, fenti kawai na ce ka yi."

"Ranka ya daɗe, wannan warin fetur yake yi. Ba zan rubuta ba."

Alhajin ya ja motarsa ya tafi wata rumfa, aka rubuta masa.

Kafin damina ta fita tankar nan ta kife a wata kwana kusa da mu. Murfin sama ya ɓalle, mai ya cika kwalbati. Na ga mata da yara suna gudu da jarkoki da bokitai, wani ma yana nuna farantin yana cewa dizal ne, ba ya saurin kamawa. Tsofaffin direbobi ne suka ji warin, suka fito da sanduna suna korar jama'a, suka hana masu babur tada inji har 'yan kwana-kwana suka iso da kumfa. Allah ya kiyaye, wuta ba ta tashi ba.

Mutanen Majiya a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa ba su samu wannan sa'ar ba a daren 15 ga Oktoba, 2024, lokacin da wutar tanka ta hallaka fiye da mutum 150. Bayan gobarar mahaɗar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025, hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur ta hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris. Mataki ne mai kyau, sai dai tanki mai lita 33,000 ma yana kashe gari in murfinsa ruɓaɓɓe ne. Ina roƙon jami'an da ke ƙofar defo: duk tankar da ba ta da ƙarfen gwaji mai kwanan wata, ko farantinta ya saɓa da takardar lodinta, kada ku bari ta fita.